Kunnen Kawu da Allurar Jirgina

Ranar Talata bayan azahar muka kai Kawu makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai gyaran inji na ƙauyenmu da ke kan hanyar Bawdeta tun ba a haife ni ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, a rumfar da yake aiki aka shimfiɗa tabarmi, don ita ce inuwa mafi faɗi a ƙofar gidan. Ba wanda ya tuna da kwashe kayan, sai mutane suka zauna tsakanin ƙarafa da gwangwanayen baƙin mai, kowa yana tattare rigarsa. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban jama'a ba. Tsumman da yake share hannu ta ɗauka, tana ninkewa tana warwarewa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, tana daga ciki, duk macen da ta shiga yi mata gaisuwa sai ta ce mata, "Bai ida gyaran injin lambun nan ba," kamar wannan ne babban abin da ya faru a ranar. Ardon Fulanin da ke zaune arewa da gari ya zo da ƴaƴansa biyu, manyan magidanta, suka yi gaisuwa suka koma gefe suka zauna.

Mai niƙan garinmu ne ya buɗe hira, da ma shi bakinsa ba ya jure shiru.

"Allah shi jiƙan maza," ya ce. "Moto na wucewa bisa hanya, ko kai bai ɗaga ba, shi ce maka bujinta ta kusa mutuwa. Shekara talatin ina kai mishi injina. Sau guda tak na ga kunnenshi ya yaudare shi, ranar jirgin Mushe."

Aka yi ƴar dariya irin ta zaman makoki, wadda ba ta fita duka. Wani dattijo ya ce, "Tsuhwa ce. Daga ranar nan hannun ya hwara sanyi."

Mushen nan ni ne, haka ake kiran malamin makarantar boko a wajenmu. Ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Tasawa, kuma jirgin nawa ne. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Kunnen Kawu bai yaudare shi ba ranar nan. Shi ya sani, ni na sani, ga shi kuma ɗayanmu ya tafi.

Kawu bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunansa da ƙyar yake zanawa da boko. Amma in aka sauke masa inji daga amalanken jaki, ba ya taɓa kile, wato sifana, sai ya buɗe tanki ya shinshina. Daga nan ya dubi mai shi ya ce, "Mi ka ba shi ya sha?" Mutum ya yi ta rantsuwa cewa esansi ne, wato fetur tsantsa, Kawu ya ɗiga kaɗan a tafin hannu, ya hura, ya jira. In ya bar maiƙo, an haɗa da kananzir ke nan, sai ya nuna wa mai shi tafin hannun ba tare da ya ce komai ba. In kuma inji yana aiki, sai ya kafa bakin turnabis, wato sukuddireba, a jikinsa, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. A lokacin nan ba a magana. Na ga ranar da ya ɗaga wa liman hannu ya yi shiru, liman kuwa ya yi.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa korar wani mai lambu daga rumfar nan da injinsa da komai, don ya bar shi yana aiki ba mai har ya ƙone. Da yamma kuma ya aika a ɗauko injin, ya gyara shi, don ba ya iya barin inji da ciwo ko da ya yi fushi da mai shi. Ni kuwa tun da na fara koyarwa ya daina kiran sunana. Mushe nake, kuma duk gardamar da muka fara sai ya ce, "To, takardarka mi ta ce?"

Jirgin daga hannun wani abokin aikina na saye shi, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Ƙaramin jirgi ne na masu koyo, faɗin fikafikansa bai wuce in buɗe hannuwana biyu ba, injinsa kamar dunƙulen hannu, ana tuƙa shi daga ƙasa da telekoman, ɗan akwatin sarrafawa na hannu. Abokin nawa ya koya mini tashi da sauka sau uku ko huɗu a wani fili bayan gari, ya tafi, ɗan man da ya bar mini ya ƙare. Jirgi ya hau saman kabad ya kwana biyu, gizo-gizo ya yi masa saƙa.

Shekara biyu ke nan da suka wuce, shukar Kawu ta farko ta bushe, ya sake shuka a makare. Da kaka ta yi, kowa ya yanke geronsa ya ɗaure, nasa kaɗai ya rage a tsaye, idon bai gama ƙarfi ba, yana neman kamar kwana goma. Duk tsuntsayen jan-bakin yankin sai suka gane gonar. In suka taso da safe sai ka ce hayaƙi. Inna da surukanta sun ɗaura gwangwanaye a igiya, sun yi ihu har muryoyinsu sun dishe, Kawu kuwa gwiwoyinsa ba sa kai shi ƙarshen kunyar gona. Abincin shekarar gidan ne a tsaye a wurin, tsuntsaye suna ci a gaban idonsu.

Sai dabara ta zo mini. Na ɗaure jirgi a bayan moto, wato babur ɗina, na tsaya bakin hanya na sayi kwalbar esansi, na zuba mata man moto kaɗan yadda ake yi wa ƙananan injuna, na iso ƙauye ina jin kaina. A gaban rumfa na cika tanki, na shiga buga farfela da yatsa. Na buga, na buga, har farfelar ta tsaga mini fata. Ko tari injin bai yi ba. Kawu yana kan tabarma yana kallona, sai da na yi jiɓi sharkaf ya ce, "Ka ida?"

Ya miƙo hannu na ba shi. Bai duba komai ba, hancinsa ya kai bakin da hayaƙi ke fita.

"Wanga abu ba esansi shike sha ba. Zurma nike ji."

Na ce zurma kuma, Kawu, a jirgin Turawa? Ya ce, "To, takardarka mi ta ce?" Na zaro takardar da ke cikin kwalin, wadda ban taɓa karantawa ba ni mai koyar da kimiyya, ga shi kuwa a rubuce da Faransanci: alkol irin wanda ake kira metanol, da man zurma. Kawu ya yi dariya har ya yi tari. Ya leƙa cikin gida ya ce, "Ke Inna, hito ki ga wanda munka kai lakwal."

Washegari na tafi Maraɗi neman alkol wurin masu sayar da kayan gwaje-gwajen makarantu. Kafin in dawo Inna ta tsinko ƴaƴan zurma a bayan gida, ta soya, ta daka, ta dafa, ta kwashe man da ya taso, yadda ta ga kakarta tana yi. Kawu ya tace shi da farin ƙyalle ninki uku, ya bar shi ya kwanta, ya sake tacewa. Da kofin shayi ya auna, huɗu na alkol, ɗaya na man zurma, ya girgiza, ya toshe kwalbar da kyau ya ajiye a inuwa. Ya ce alkol ɗin nan yana shan raɓa daga iska, in aka bar shi a buɗe ruwa zai zama.

Injin kansa ya daskare da tsohon mai, sai da ya jiƙa shi a alkol ya wanke esansin da na ɗura masa. Bujinsa, wato fulogin da ke kunna mai, ƙarama ce kamar ƙwayar gyaɗa, da ɗan zaren waya a ciki wanda ke yin ja in an jona masa batir. Kawu ya daɗe yana kallonta yana girgiza kai, abin ya burge shi. Da muka tada injin ya kama, ya yi ƙara, ya mutu. Ya sake kamawa, ya sake mutuwa. Ni ina ta zargin buji, shi kuwa ya sa yatsa ya nuna mini ƙananan kumfa suna tafiya a cikin tiyon mai. Tiyon ya tsufa ya tsage, yana jan iska. Muka sa sabon tiyon ƙarin ruwa da aka sayo a kantin magani, kumfa ta ɓace.

Bai yarda mun tashi jirgin ba sai da ya tura ni wurin mai gari. Mai gari ya sanar da jandarmomi, aka amince, da sharaɗi ɗaya. Ba a saki gonaki ba tukuna, shanun Ardo duk suna cunkushe a burtalin da ya bi ta arewacin gonar Kawu suna jiran ranar saki. Jirgi ya tsaya bisa gona, kada ya ƙetare burtali.

Saura allura. Wata ƴar siririyar allura ce a gefen injin, ita ke auna man da yake sha, kuma duk murɗawa ɗaya tana cewa ƙas. In ka matse ta, mai ya ragu, ƙara ta hau. Kawu ya yi ta matsewa har injin ya kai ƙololuwar kukansa, sannan ya sassauta, ƙas, ƙas, ƙas. Ƙarar ta ɗan sauka, hayaƙi ya fara fita, maiƙo yana fallatsa a fiffike. Na ce ai ya rage masa ƙarfi. Ya ce, "Bar shi da ƙoshi. In ya hau sama tanki na raguwa, iska na ƙaruwa, ƙishirwa za ya ji." Daga nan ya sa na ɗaga hancin jirgin sama yana cikin aiki. Ya ce in ƙarar ta tsaya yadda take, a tashi. In ta yi rauni, ko da kaɗan ne, a ƙara sassautawa. Kowane tashi sai an yi haka, ba ya ɗaga ƙafa.

Kwana biyu abin ya yi kyau. Jirgi ya bi bisa gero, jan-baki suka watse har ba ka ganin ko ɗaya, Inna ta yi guɗa da dishasshiyar muryarta. A rana ta uku tsuntsayen suka fara sabawa. Su tashi, su yi kewaye, su sauka a ƙarshen gona ta wajen burtali. Ina kallo suna cin hatsin da na yi wa Inna alkawarin tsarewa, raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, mu matse allurar nan. In ƙarar ta ƙaru za su tsorata."

"A'a."

"Ƙas uku kaɗai."

"Ƙarar da kake so kukan ƙishirwa ce, Mushe. Na ce a'a."

Na kawo masa bayanin iska da mai da zafi, irin wanda nake yi a aji. Ya saurara har na gama, ya daidaita allurar da hannunsa yadda ya saba, ya ja ƙafa ya koma gindin gawo ya zauna, don tsayuwa tana ba shi wuya. Ni kuwa na ɗauki jirgi zuwa inda muke tashinsa, taku kamar arba'in. A cikin takun nan na juya masa baya, na matse allura. Ƙas, ƙas, ƙas. Ban ɗaga hancin sama ba, don na san abin da zai gaya mini.

Jirgin ya tashi da wani irin kuka mai tsinin gaske. Tun bai kai tsakiyar gona ba na ji muryar Kawu daga gindin gawo, "Sauko da shi! Mushe, sauko da shi!" Na yi kamar ban ji ba. Tsuntsaye suna ta watsewa, zuciyata tana cewa ka gani. Da ya kai ƙarshen gona na juya shi, sai kukan ya sirance, ya yi tari sau biyu, ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro kamar wannan ba.

Wanda ya ƙware zai sunkuyar da hanci ya sauko da shi a hankali. Ni ɗan koyo ne, sai na ja shi sama. Ya tsaya cak, ya kife, iska ta kwashe shi ta ƙetare da shi shingen ƙaya, ya faɗa tsakiyar shanu.

Garken ya fashe. Shanu suka banke shinge suka afka cikin geron Kawu, ƙura ta tashi, kara yana ta karyewa. Mutanen da ke ɗaurin kara a gonakin maƙwabta ba su ga faɗuwar jirgi ba, shanu kawai suka gani cikin hatsin da ba a yanke ba. Wani ya kwarma ihu, "An saki shanu cikin hatsi!" Kafin in isa wurin a guje, mutanen gari sun taru da sanduna da lauje, har da mai gatari. Ƴaƴan Ardo da ƴan uwansu sun tsaya a ɗaya gefen da nasu sandunan, ga wata karsana kwance a cikin ƙaya, ƙafarta ta gaba ta karye. Kowa yana magana, ba mai jin wani. Babban ɗan Ardo ya ɗaga fiffiken jirgin yana cewa wannan abu aka jefo musu. Wani daga cikinsu ya ce a kira jandarma, a tambayi ma'aikacin gwamnatin da ke yawo da jirgi bisa dabbobin mutane. Tsakanin sahun biyu bai fi tsawon tabarma ba, kuma na ga sanda ta fara tashi.

Ina tsaye a wurin da telekoman a hannu. Wallahi na so in yi magana, amma tsoro ya riƙe ni, tsoron sandunan da tsoron aikina.

Sai ga Kawu a kan amalanken wani, an taimaka masa ya sauko. Bai dubi kowa ba. Ya ratsa tsakiya yana ɗingishi, ya ɗauki gangar jikin jirgin, ya taɓa kan injin, ya janye yatsa da sauri don zafi. Daga nan ya kama allura ya fara murɗawa, leɓensa yana motsi. Ƙirgawa yake yi. Da ya gama ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Kallon bai daɗe ba, amma har yau ban gama jinsa ba.

Ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya.

"Ku aje sandunan ga. Gona tawa ce, hatsi nawa ne, ban kira kowa ba. Injin ga ni na daidaita shi. Na matse allura ta wuce wuri, ya mutu bisa. Ardo, shanunka ba su da laihi, tsoro sunka ji."

Ardo, wanda ya iso yana tsaye dab da shi, ya ce, "Kai? Kai ka kuskure inji?"

"Ni. Kunne ya tsuhwa."

Wani ya yi dariya, wani ya bi shi, sanduna suka fara sauka. In mai gona da kansa ya ce ba a yi masa laifi ba, wa zai yi faɗa a madadinsa? Kuma ba wanda zai kai tsoho mai ciwon gwiwa gaban hukuma don kunnensa ya gaza. Nan take Kawu ya ce a kira mai ɗori don karsanar, ya kuma yi wa Ardo alkawari cewa ranar da aka saki gonaki, shanunsa ne za su fara shiga karan gonarsa. Aka kora garken aka gyara shinge tare, da waɗanda suka zo da lauje da waɗanda suka zo da sanda.

Mai gari ya hana sake tashin jirgin, kuma yana da gaskiya. Abin da shanu suka bari, tsuntsaye suka rage, sauran aka yanke shi bai gama nuna ba. Rumbun Kawu bai kai rabi ba a shekarar.

Ranar nan bai yi mini magana ba. Washegari da hantsi na same shi a rumfa ya kwance injin ya baje a kan tsumma. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, man zurmar Inna ne ya hana cikin ya ƙone gaba ɗaya. Ya haɗa shi, ya ɗaure shi a jikin katako, ya ce in tada. Ya sa na matse, na sassauta, na ɗaga hanci sama, na saukar, sau ba adadi, har kunnena ya fara rarrabe kukan ƙoshi da na ƙishirwa. Da muka gama ya sa na zuƙe man da ya rage a tanki, na bar injin ya cinye na cikinsa ya mutu da kansa, na ɗiga masa mai kaɗan na juya farfela, don kada ya yi tsatsa.

Sai a lokacin na iya cewa, "Kawu, don mi?"

Ya ce, "Kai ana iya kai ka Tasawa a rubuta sunanka, aiki shi tahi. Ni wa za ya rubuta? Kuma da kai ka yi magana, sandunan nan ba su sauka."

Na ce zan gaya wa mutane gaskiya in ƙura ta lafa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bakinka ne."

Na ce wa kaina mako mai zuwa. Aka koma makaranta, na ce sai an yi hutu. Labarin kuwa bai jira ni ba, ya bi kasuwanni har wajen Mayahi, ana cewa tsohon nan kunnensa ya tafi, jirgin wasa ma ya gagare shi. Masu moto suka fara wucewa ba sa tsayawa. Masu lambu suka koma wurin sababbin makanikai. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne mai niƙa, abokinsa na shekara talatin, da ya ɗora injinsa a amalanke ya bi ta bayan gari da shi zuwa Tasawa don kada ya wuce ta gaban rumfa. Kawu ya ji labari, ya ce hanyar baya ta fi inuwa.

Kowane ƙarshen mako ina zuwa, in same shi zaune a rumfar da ta zama fayau, kansa a karkace yana sauraren injin niƙa daga can tsakiyar gari. Ina kawo masa shayi da sukari, har da maganin gwiwa. Abin da ya kamata in kawo masa ne ban kawo ba. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda nake jin kunyar ƙas ukun.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, jiki ya yi nauyi. Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, maganar jirgin nan." Ya buɗe ido ya ce, "Ka zubar da man da ke tanki?" Na ce na zubar. Ya ce, "Ka ɗiga mishi mai?" Na ce na ɗiga. Ya ce, "To, madalla," ya mayar da idonsa ya rufe. Kwana uku bayan nan aka kira ni ina cikin aji.

Ranar sadakar uku, da hantsi, liman ya shafa addu'a, mutane suka fara neman takalmansu. Na miƙe. Na ce ina da magana, a yi mini haƙuri a zauna. Na faɗi komai, gardamar da muka yi, taku arba'in ɗin, ƙas uku, kiran da ya yi mini na ƙi ji. Na ce ya gane tun jirgin bai kai tsakiyar gona ba, daga gindin gawo, da kunnen nan da ake cewa ya tsufa.

Mahaifiyata tana bakin zaure, ta sa tsumman nan a fuska.

Ardo ne ya fara magana. Ya ce, "Ni na sani. Ina dab da shi, na ga bakinshi na ƙirga, na ga wanda ya duba. Amma mutum ya zaɓi ya ɗauki kaya, ba ni ne mai sauke mishi ba."

Mai niƙa bai yi dariya ba wannan karon. Ya dube ni ya ce, "Shekara biyu, Mushe. Shi ya hana ka hwaɗi?"

Da na ce e, da kowa ya yarda, don ya yi kama da halin Kawu. Na ce, "Bai hana ni ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tashi daga inda yake, ya je ya zauna a kan guntun kututturen da Kawu ke zama. Daga tsakiyar gari ana jin injinsa yana aiki, ƙaninsa yana niƙa wa mata. Yana bugawa, ya ɗan sarƙe, ya ci gaba. Mai niƙa ya karkata kai.

"Ashe daga nan ana jin shi sarai," ya ce. "Kullum shina ji ke nan."

Sai muryar Inna ta fito daga bayan zana, a dishe kamar ta shekarar tsuntsaye.

"Kullum. Tun hwarkon damina shike cewa ruwa ne cikin man injinka, gazuwal ɗin nan, ka wanke tanki ka ɗauke duro daga ƙarƙashin indararo. Na ce in aika a gaya maka, ya ce a'a, ba a bin mutum da maganin da bai tambaya ba. Ya ce in ka taɓa tambaya, a gaya maka."

Mai niƙa ya rufe fuska da hularsa. Babban mutum, mai jikoki, ya yi kuka a rumfar nan har kafaɗunsa suna girgiza, ba kuma wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Da la'asar ya kashe injin, ya kwance tankin a gaban mutane, ya juye a kwano. Gazuwal ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, ya kusa cika kofin shayi biyu. Ya aiko mini da kwanon har gida, ba saƙon komai.

Jirgin yana nan saman kabad, tankinsa a bushe, allurarsa a inda Kawu ya bar ta. Waɗanda suka zo sadakar uku sun ji daga bakina. Wannan na rubuta shi ne don na kasuwanni, waɗanda suka ji labarin farko suka yi dariya suka wuce. Ni na matse allurar. Kunnen Kawu, har ya koma ga Mahaliccinsa, bai taɓa kuskuren inji ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da ni ban saka masa ba yana da rai.